Ranar da Aka Kusa Binne Babakura

Ni na haɗa makarar da hannuna, da katakon maɗaci, shekara talatin da suka wuce. Sunana Haruna, kafinta ne ni, a unguwar Mafoni ta Maiduguri aka haife ni duk da iyayena Kanawa ne. Ban taɓa hawa dandamali na yi waƙa ba, kuma wanda ya taɓa jin muryata ba zai tambayi dalili ba. Aikina a ƙungiyar shi ne in kafa dandamali, in rataya labule, in gyara abin da 'yan wasa suka karya.

Ƙungiyar ta Babakura ce. Shi ke rubuta wasa, shi ke tsara waƙoƙi, shi ke zagin kowa a wurin gwaji. Irin wasanmu ba a magana sai da waƙa. Mutum zai tambayi matarsa inda hularsa take, sai an kaɗa ganga, mutum shida sun fito sun taka rawa, sannan a gaya masa tana kansa. Ni har gobe ban gane hikimar abin ba. Amma a wancan zamani mutane daga ƙauyen Dusuman suke takowa a ƙafa su zo kallo, mata su goyo yara, a cika fili har kan katanga.

Wasan da ya yi mana suna shi ne "Alhaji Ya Fasa". Wani attajiri ne ya mutu, 'ya'yansa suna kuka suna leƙen inda ya ajiye makullin sito. Sai a shigo da shi a makara. Pindar makaɗinmu, mutumin Biu, ya buga ganga sau uku, gawa ta tashi zaune ta tona asirin kowa da waƙa. Babakura ne gawar. Tun farko shi ne, bai taɓa bar wa kowa ba.

Kuma yana da doka ɗaya. Da zarar an naɗe shi a farin ƙyallen nan, to ya mutu. Ba magana, ba motsi, ba tari, sai ya ji bugu uku na Pindar. Akwai shekarar da ruwa ya tsuge muna tsakiyar wasa a Dusuman, 'yan kallo suka watse, mu ma muka fake a zauren bulama, wato mai garin. Sai da aka kawo mana shayi Pindar ya ce, "Ina Malam?" Muka koma muka same shi kwance a fili, ruwa na dukansa, yana jiran ganga.

Da rikici ya zo, komai ya tsaya. Shekara huɗu ba mu yi wasa ba. Wa zai tara mutane a fili a garin da in taya ta fashe kowa sai ya kwanta? Algaita ta koma ƙarƙashin gado, labule muka yanka muka yi zannuwan gado. Makarar kuwa na jingine ta a bayan shagona.

A shekarar da aka yanke layin waya, 'yarsa Siddiƙa ta zo daga Kano za ta tafi da shi. Ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun gama aiki, matarsa ta rasu. Ta ce motar Lahadi da safe za su hau, kuma ba dawowa. Ya ce babu inda za shi sai ya sake tashi daga makara sau ɗaya a Maiduguri.

"Baba, mutane na mutuwa da gaske, kai kana neman ta wasa?"

"Shi ya sa," in ji shi.

Ta ba shi Asabar kawai. Hajja Mu'mina, wadda ke fitowa a matar Alhaji tun tana budurwa, ita ta yi ta zirga-zirga har aka ba mu harabar wata makaranta a unguwar Limanti, bayan azahar, da sharaɗin mu gama kafin dokar hana fita. In Asabar ta wuce, shi ke nan, Babakura zai je Kano ya zauna a tsakar gidan suruki yana kallon kaji.

Matsalar ita ce yadda za a kai kaya. An hana acaɓa tuntuni. Masu keke napep uku na tsayar, kowanne da ya ga makara sai ya ce Allah ya jiƙan rai, ya ƙara wuta. Ga shingen bincike biyu tsakaninmu da makarantar, inda za a sauke ka a buɗe jakarka har a shinshina kwalbar turare. Ga Babakura ba ya iya tafiya mai nisa.

Ni na kawo shawarar. Ba zan ɗora wa kowa ba.

"Malam, ba a tsayar da gawa a shinge. A naɗe ka a nan gida, mu ɗauke ka. Kai ka huta da tafiya, makara ta isa, mu kuma mu wuce ba bincike."

Ya dube ni ya daɗe. Afuno yake kirana, wato Bahaushe da yarensu na Barebari.

"Afuno, yau ka yi tunani. Ka zauna ka huta kada kanka ya yi ciwo."

"Babarbare, in ka isa lafiya ka gode mini."

Hajja Mu'mina ta naɗe shi, ta bar masa kafar numfashi, muka lulluɓe da tabarma. Ita da Siddiƙa suka hau keke suka yi gaba da sauran kayan sawa. Mu huɗu muka ɗauka: ni, da Habib, da Mikail, da Ridwan, su ukun su ne 'ya'yan Alhaji a wasa, kowannensu da furfura yanzu. Pindar na biye da mu da ganga a cikin buhu.

Shingen farko abin ya tafi yadda na faɗa. Sojan ya ja katako gefe, har ya sunkuyar da kai. Na ji kaina ya yi girma. Sai na ji tsawa a bayanmu.

"Kai! Mai buhu! Ajiye shi, ja da baya!"

Na waiga. Pindar ya ɗaga hannu sama, buhun na ƙasa, abu zagayayye a ciki. Ba mu iya tsayawa ba. Wane mai gawa ne zai tsaya jiran makaɗi? Na ce a raina zai cim mana.

Abin da na manta, ni da aka haifa a garin, shi ne ba a ganin makara a zauna. Mun fito bakin titi ke nan, mai shayi ya rufe tukunya ya biyo mu. Teloli biyu suka bar keken ɗinki. Masu hira a gindin darbejiya suka miƙe suna kakkaɓe riga. A shekarun nan mutane sun daina tambayar wa ya rasu, bi kawai suke yi, don kowa ya san gobe ana iya bin tasa.

Wani dattijo dogo mai carbi a wuya ya dafa kafaɗar Mikail.

"Wushe, sannu. Kawo in samu lada."

Ba a hana mutum wannan. Mikail ya sakar masa. Wani ya karɓi Habib, wani ya karɓi Ridwan, wani ƙato ya ture ni da ladabi. Kafin mu yi taku ɗari, babu hannun ɗayanmu a jikin makarar.

Dattijon nan na san shi. Madu ne, tsohon masinja da ya yi ritaya, wanda duk Mafoni ta san bai taɓa barin jana'iza ta wuce shi ba. Shi ke tsara sahu, shi ke cewa a sauya kafaɗa. Da aka karɓe shi sai ya dawo gefena.

"Wane ne?"

"Wani dattijo ne."

"Allah ya jiƙansa. Ciwo ko harsashi?"

"Gwiwa," na ce. Abin da ya zo bakina ke nan.

Ya gyaɗa kai kamar gwiwa na kashe mutane kullum. "An sallace shi?"

Nan na tsaya. In na ce a'a, masallaci za su nufa, liman ya fito, a yi sahu a sallaci mai rai. Wannan zunubin ban shirya ɗaukarsa ba, ko don Babakura.

"An yi."

"To me muke nema a hanyar Limanti?" Ya ɗaga murya. "Jama'a, dama! Maƙabarta!"

Makarar ta karya kwana kamar jirgin ruwa, mutum wajen sittin a bayanta.

Wani zai ce me ya hana ka faɗi gaskiya. Wanda zai faɗi haka ba ya garin a lokacin. A cikin masu binmu akwai 'yan gora, matasan da ke tsaron unguwa, da sandunansu da addunansu. Ka tsaya a tsakiyar titi ka ce abin da ke naɗe cikin tabarmar nan, wanda ka wuce da shi shingen soja, ba gawa ba ne. Ba wanda zai bari ka kai ƙarshen zancen. In kuma Babakura ya tashi zaune haka kawai, a tattake mutane a guje, sojan da ke kusa ya buɗe wuta. Habib da Ridwan sun yi wannan lissafin kafin ni. Da na duba, Habib ya tsaya kamar zai gyara takalmi, ban sake ganinsa ba. Ridwan ya shige wani lungu. Mikail kaɗai ya rage, yana salati da gaske.

Na kutsa na karɓi kafaɗar gaba, wajen kai. Na karkata bakina jikin tabarma.

"Malam. Malam, an samu matsala. Maƙabarta za a kai ka."

Shiru.

"Pindar na hannun soja. Babu ganga. Ka yi tari kaɗan, in ce suma ka yi."

Shiru.

"Babakura, don girman Allah. Rami fa ake haƙa maka."

Wanda ke ɗauke da ɗaya ɓangaren ya ce, "Allah sarki. Ɗansa ne, bai haƙura ba." Wani ya shafa bayana ya ce in yi tawakkali.

Rana ta take, irin ta gabanin damina. Ni da ke tsaye gumi ya jiƙa ni har wando. Sai wani tunani ya shige ni: tsoho ɗan saba'in, naɗe cikin yadi goma, ga tabarma a sama, kusan awa guda. Na zura yatsa ta tsakanin katako na mintsine shi a kafaɗa, mintsini mai kyau. Ko gezau. Daga nan ban ƙara sanin ko ƙarya nake ɗauke da ita ko gaskiya ba.

Da muka hango katangar maƙabarta mun fi ɗari biyu. Madu ya riga ya tura mutum huɗu gaba da diga da shebur. A lokacin ne na ga Pindar yana tahowa a guje, hularsa a hannu, gangar a rataye. Ya tsaya daga nesa, ya juya mini ita. An farke fatar gaba da baya da wuƙa.

"Sun ce sai sun ga cikinta," ya ce da na isa gare shi, yana haki. "Na ce iska ce a ciki. Suka ce za su tabbatar."

"Sun tabbatar?"

"Sun ce in tafi, babu komai."

Ba sauran dabara. Na kamo hannun Madu na ja shi bayan wata darbejiya.

"Baba Madu, zan faɗa maka magana, kada ka yi ihu. Mutumin nan da ransa. Ko dai da ransa lokacin da muka fito."

Ya daina jan carbi.

"Ɗan wasa ne. Limanti za mu kai shi wasa. Babakura ne."

"Wane Babakura?"

"Na 'Alhaji Ya Fasa'."

Ya kalli makarar, ya kalle ni. Na shirya karɓar mari.

"Babakura bai mutu ba? Ni na ɗauka tuntuni ya mutu, har ina jin haushi ba a gaya mini jana'izar ba." Ya matso. "Sau huɗu na kalli wasan nan. Na biyun da uwar 'ya'yana, kafin a ɗaura. To ya tashi mana."

"Ba ya tashi sai an buga ganga."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Taurin kai," in ji Madu, kamar yana yabo.

Abin da ya yi daga nan ni ba zan iya ba. Ya sa aka ajiye makarar a inuwa, a wajen katanga, ya ce ba za a shiga da ita ba tukuna. Ya kira shugaban 'yan gora ya yi masa raɗa, mutumin ya zo ya ɗaga gefen tabarma, ya taɓa ƙafa, ya koma yana girgiza kai. Sannan Madu ya hau kan wani dutse ya yi magana da Barbarci, ya maimaita da Hausa.

"Jama'a, kowa ya zauna a ƙasa. Kowa. Wanda ya gudu, shi ya san abin da ya yi wa mamacin. Kun bi gawa da yawa a garin nan, ni ma haka. Wannan ta yau ba ta gama shawara ba."

Mutane suka zazzauna suna kallon juna. Masu haƙa suka leƙo ta ƙofa, ƙasa a gwiwoyinsu. Pindar ya karɓi kwanon kwasar ƙasa daga hannun ɗaya, ya kife shi, ya durƙusa. Ya ɗaga maƙaɗi.

Kwam. Kwam. Ya ɗan jinkirta kamar yadda ya saba. Kwam.

Babu abin da ya motsa.

Na fara tunanin abin da zan gaya wa Siddiƙa, da kuma cewa ga rami an riga an haƙa. Mikail ya fashe da kuka, wanda a shekara ashirin yana wasan ɗan Alhaji bai taɓa yin mai kyau irinsa ba.

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin tabarma, ƙasa-ƙasa, cike da ƙyama.

"Wannan kwano ne."

Shekara talatin, ranar ce kaɗai ya yi magana a cikin likkafani.

"Gangar ta riga ka, Malam," in ji Pindar. "Tashi, jama'a na jira."

Tabarma ta zame. Ya tashi zaune a hankali, kamar yadda yake yi, kai na ƙarshe. Duk da jawabin Madu, mutum wajen ashirin sun tsere, ɗaya ya bar takalmi, ɗaya daga masu haƙa ya koma cikin ramin da kansa. Sauran suka daskare. Babakura ya ture ƙyallen daga fuskarsa, ya dubi taron, na ga idonsa yana ƙirga su. Ya gyara murya.

"Wanda ya yi mini kuka da ido ɗaya,
ɗaya idon yana kan makulli,
Alhaji ya fasa, ku naɗe tabarmi."

Muryar ta tsufa, tana rawa a sama, amma tana nan. Madu ne ya fara amsawa daga kan dutsensa. "Alhaji ya fasa, ku naɗe tabarmi!" Sai dattijai biyu, sai biyar. Waɗanda suka haura arba'in duk sun san amshin, bakinsu ya tuna kafin su. Matasan suna kallon iyayensu kamar ba su taɓa ganinsu ba. Pindar na dukan kwano kamar an biya shi da bijimin sa. Wani malami a gefe yana ta astagfirullah, amma bai tashi ba, kuma na ga babban yatsan ƙafarsa yana bin kiɗa.

Da yake 'ya'yan Alhaji biyu sun gudu, Babakura sai ya riƙa nuna duk wanda ya ga dama. Ya nuna mai shayi ya ce shi ya auna gonar tun gawa da ɗumi. Ya nuna shugaban 'yan gora ya ce shi ya gwada babbar rigar. Mutane na faɗuwa da dariya, irin dariyar da na manta ana yi a waje.

Sannan ya sa wani baiti da ban taɓa ji ba. Ina jin a hanya ya tsara shi, lokacin da nake mintsininsa.

"Na je bakin ƙofa na tarar da layi,
na Mafoni a gaba, na Limanti a baya,
aka ce tsoho koma, yara sun riga ka."

Nan ba wanda ya yi dariya. Amshin ma da ƙyar ya fito. Wani mutum kusa da ni ya ja hula ya rufe fuska. Babakura ya bari shirun ya ɗan zauna, sannan ya koma kan makulli da sito, ya ja su har suka sake darawa.

Ana haka keke ya tsaya da ƙarfi a bakin titi. Labari ya isa makaranta cewa an ga an nufi maƙabarta da Babakura. Siddiƙa ta diro ba takalmi, mayafi a hannu. Ta ga ubanta zaune cikin likkafani yana nuna mutane da yatsa. Ta tsaya. Hajja Mu'mina kuwa ko tambaya ba ta yi ba, daga inda take a bakin titi ta ɗauki baitin matar Alhaji, ta ce ita dama ba ta gama zaɓen wanda za ta aura ba, ya koma ya kwanta.

Siddiƙa ta zo wurina.

"Baba Haruna, shawarar wa ce?"

"Tawa."

"Da ba sa'an ubana ba ne kai, da na faɗa maka magana."

"Faɗi, 'yata. Na ci."

Ba ta faɗa ba. Ta tsaya nan har aka gama, har ma na ga leɓenta na motsi a amshin ƙarshe.

An watse da sauran lokaci kafin doka. Masu haƙa suka ce ramin fa, Madu ya ce su bar shi, ba zai kwana biyu babu kowa a ciki ba. Wani tela ya tare ni yana tambaya ko ladan ɗaukar da ya yi yana nan, na ce ya tambayi malamin can mai yatsa. Mutanen da suka kawo Babakura su suka mayar da shi gida, a zaune cikin makara, yana ɗaga musu hannu.

Da safe na raka su tasha. Ya zauna gefen taga, ledar magani a cinya.

"Afuno, mutum nawa ne jiya?"

"Sun fi ɗari biyu."

"A makarantar fa?"

"Hajja ta ce goma sha ɗaya, har da mai gadi."

Ya gyara zama yana jin daɗin abin. Direba ya tayar da mota.

"Ka gode mini," na ce. "Mun yi da kai."

"In gode maka? Dubi kafaɗata." Ya ja wuyan riga ya nuna mini shaidar mintsini. "Kuma in ka sake ɗaukar gawa, ka daina yi mata surutu a kunne. Saura kaɗan ka ɓata mini baiti."

Motar ta fita. Da na koma shago na tarar da Madu zaune a kan bencina yana jira. Ya ce makarar masallacinsu ta karye tun watan jiya, tawa kuwa ya ɗauke ta jiya ya ji ba ta cin kafaɗa. Na ce ya bari in ƙara mata ƙusa biyu. Na buga, ya kira mutum ɗaya daga titi, suka ɗauka suka tafi da ita.